Motar da Baba Isuhu Yake Ɗumamawa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, muna cin shinkafa a ɗakin 'yan Maraɗi da ke bayan warsharmu, wato garejin da nake aiki, a unguwar Sulay nan Riyad, wani sabon zuwa, wanda ko hanyar kasuwar Batha bai gama sani ba, ya tambaye ni sana'ata. Na ce batir. Ya yi dariya, ya ce ai ni na huta, noti biyu ne kawai, a kwance a ɗaure. Sauran samarin suka taya shi. Ban ce masa komai ba, don bakina cike yake kuma naman ya kusa ƙarewa. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har na kwana da ita, shi ya sa na zauna nake rubuta wannan da ɗan karatuna da ya tsaya a aji biyu na sakandare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Noti biyu ne, ban musa ba. Shekara ashirin da wani abu ina kwance su ina ɗaurewa, kuma ga abin da na tara: ciwon baya, riguna masu huji kamar ɓera ya yi biki a cikinsu, da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan, da har yau lebura aka rubuta a kanta. Mota kuwa ban taɓa mallaka ba. Na tayar da motocin da ba zan iya ƙirgawa ba a garin nan, amma ni da ƙafa nake zuwa aiki, da ƙafa nake komawa. In kuna neman wanda za ku yi koyi da shi, ku duba gaba.

A Kano na koya, a rumfar wani Malam Tanko mai cajin batir, kusa da tasha. Shekarar farko ban taɓa sifana ba. Aikina ɗaukar batir a ka daga tasha zuwa rumfa, daga rumfa zuwa tasha. Ruwan ciki ya riƙa ɗiga, ya cinye mini hula, ya gangaro ya ci wuyan riga. Har yau ina gaya wa mutane batir ne ya yi mini sanƙo, matata kuma ta ce ƙarya nake, ta ga kan babana. Malam Tanko ba shi da mita. Guntuwar waya yake ɗauka ya goga tsakanin kawunan batir biyu, in tartsatsi ya tashi da ƙarfi ya ce da rai, in ya yi sanyi ya ce a kai wa masu gwangwan. Kada wanda ya gwada wannan. Na ga batir ya fashe a fuskar mutum, kuma mutumin bai sake ganin daidai da ido ɗaya ba. Abubuwan kirki da na ɗauka a rumfar nan ba su da yawa, amma har yau su nake ci. Baƙin kai ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi maka walda a hannu. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir, ruwan zafi da 'yar kanwa suke wanke shi, sannan a shafa giris. Sai kuma abin da Malam Tanko yake maimaitawa har muka gaji da ji: batir ba ya son zama.

Da na sauka Riyad ina ji da kaina, ina ganin na zo koya wa Larabawa aiki. Ranar farko mudir ɗin warsha, wato manaja, wani Basudane mai ƙaramar murya, ya ga na ɗauko guntuwar waya zan goga. Bai yi faɗa ba. Ya karɓe wayar ya jefa a bola, ya miƙo mini mita, ya ce in na sake sai dai in je in yi a gidan kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya mini na shigo ƙasar, ba a warsharsa ba. A hannunsa na san cewa batirin da ya huta, in yana cike, mita za ta nuna sha biyu da ɗigo shida. In ta sauko sha biyu da ɗigo biyu, rabi ya tafi. In ta faɗo ƙasa da sha biyu, ka fara yi wa mai motar ta'aziyya a hankali. In inji na aiki kuma mita ba ta kai wajen sha huɗu ba, to ba laifin batir ba ne, dinamo ne ba ya ba shi abinci. Kayan aikin ke nan: mita, sifana lamba goma, burushin ƙarfe, na'urar da ke ɗora wa batir nauyi a ga ko zai durƙusa, da wayoyin ishtirak, abin da muke ce wa jam a gida. Duk za su shiga jakar hannu. Abin da ba ya shiga jaka shi ne sanin wanda ke yi maka ƙarya, batirin ko mai shi.

A gida mun ɗauka sanyi ne ke kashe batir, saboda da sanyin safe yake ƙin tashi. A nan na gane zafi ne ke yi masa kisan, sanyi yana zuwa ne kawai ya tarar da gawa. Zafin garin nan yana dafa batir a cikin bonet, ya ƙone ruwansa, ya ci farantan ciki. Wanda ya yi shekara biyu a Riyad ya yi ƙoƙari, a gode masa. Wannan kuma ga motar da ke yawo kullum ke nan. Motar da ke ajiye, tata ta fi muni, kuma su ne rabin abincina.

Akwai masu tafiya hutun bazara da iyalansu, su bar mota a rana wata biyu, su dawo daga filin jirgi su murza makulli su ji shiru. Akwai masu motar sahara, wadda ba ta fita sai sanyi ya shigo za su je shan iska a rairayi, sauran shekara tana tsaye a bakin gida tana tara ƙura. Akwai namu, wanda zai tafi hutu Zinder ko Katsina ya lulluɓe 'yar motarsa da tamfol kamar amarya, ya yi mata addu'a, ya tafi. Dukansu magana ɗaya suke zuwa da ita: ai ban taɓa ta ba, ta yaya batir sabo zai mutu? To rashin taɓawar ne. Batir ko a kan kanta ka ajiye shi yana zubar da wutarsa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. A cikin mota ga kwamfuta, ga ƙararrawar ɓarayi, ga kyamarar da aka liƙa a gilashi, kowa yana tsotsa ko mota na kashe. In ya sauka ƙasa ya daɗe a can, farantan ciki sai su yi ɓawo, ko ka cika shi daga baya ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba. Ishtirak zai tayar da motar yau, jibi ka sake kirana.

Maganin ba asiri ba ne. A fita da mota ko sau ɗaya a mako, a hau babban titi a yi tafiyar da ta kai rabin awa ko fiye, dinamo ya samu ya mayar da abin da aka ci. A ajiye ta a inuwa. In doguwar tafiya za a yi, a cire baƙin kai, ko a jona mata 'yar cajar nan ta bango da ke ɗiga wa batir wuta kaɗan-kaɗan. Na faɗi wannan har bakina ya gaji. Ba mai ji. Da suna ji ma da tuni yunwa ta mayar da ni Kano, saboda haka ban cika matsawa ba.

Shekarar korona ita ce mummunar shekarata, kuma ta yi mini abin dariya. An kulle gari, an kulle warsha da batura cike da kanta, rufin kwano, ba fanka ba komai. Duk motocin Riyad suna tsaye suna mutuwa, ni ina kwance a ɗaki ina murna a raina, ina cewa ranar da aka buɗe sai mun rasa inda za mu sa kai don ciniki. Aka buɗe. Mutane suka yi layi tun daga bakin titi. Na ɗora mita a kan kayanmu, na farko ya sauka, na biyu ya sauka, na ƙasan kanta duk sun yi laushi. Baturana ma zaman suka yi, kamar na kowa. Kafin mu farfaɗo da masu farfaɗuwa, yaran nan masu kai batir har ƙofar gida in an danna waya sun kwashe garin. Kafil ya rage ma'aikata, ya bar ni don na fi kowa araha.

A ƙarshen wannan shekarar ne Baba Isuhu ya fara zuwa. Tsoho ne dogo, Badamagare, direban wani gida a unguwar Suwaidi, kullum cikin farar riga a goge. Ya shigo da batir a cikin buhun shinkafa, ya dire a gabana, ya ji Hausata, ya ce ashe yau a hannun Bakano ya faɗo, Allah ya kiyaye aljihunsa. Na ce Badamagare da aljihu, yaushe aka fara? Daga nan muka saba. Bai taɓa kirana Sale ba, Bakano kawai.

Gidan da yake aiki ya shiga tun babban ɗan gidan, Abu Fahad, bai fara gemu ba. Shi ya kai 'yan matan gidan makaranta, shi ya kai su gidajen mazajensu, shi ya kai maigidan asibiti a ciwonsa na ƙarshe. Da aka ba matan ƙasar nan izinin tuƙi, 'ya'ya da surukai da jikoki kowace ta yi motarta, ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari ba wanda ke kiran Isuhu sai tsohuwar gidan, wadda yake ce wa Mama. Ita kuma gwiwoyi sun hana ta fita, sai ganin likita jefi-jefi, a wani asibiti da ke nan bayan unguwa. Motar ta marigayin ce, doguwar tsohuwar motar Amurka mai faɗin falo, Mama ba ta shiga wata sai ita.

Na sayar masa da batir. Bayan 'yan watanni ya dawo da shi a buhun nan, ya mutu. Na ɗora wa kamfani laifi, na canza masa a kan garanti, mudir ya kalle ni kawai. Ba a daɗe ba na biyun ma ya dawo. Wannan karon mudir ya yi magana, ya ce na uku daga albashina. Na je har gidan na gwada dinamo, lafiya lau. Na cire baƙin kai na sa mita a tsakani ko akwai ɓarawon wuta a jikin motar, babu. Mota lafiya, batir sabo, kuma yana mutuwa. Na ce masa zan zo ranar Juma'a da sassafe in ga yadda yake da motar nan, kada ya canza komai don ni.

Na tarar ya riga ya wanke ta, yana goge gilashi da tsumma. Ya gama, ya shiga, ya yi bismilla, ya tayar. Ya kunna na'urar sanyi har ƙarshe. Ya kunna rediyo, karatun Alƙur'ani na tashi. Ya kunna fitilu ya fito ya zagaya ya duba su, ya koma ya zauna da hannu biyu a kan sitiyari kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Ko shayi ba a gama sha ba a lokacin da ya ɗauka, ya kashe. Na tambaye shi sau nawa yake haka. Ya ce kullum da safe, wani lokaci ya ƙara bayan la'asar don kada inji ya yi sanyi. A Riyad. Inji ya yi sanyi.

Na gaya masa a fili cewa shi ne ke kashe baturan nan. Duk tayarwa ɗaya, batir yana ba da bokiti guda, ita kuma motar da ke tsaye tana gurnani, da na'urar sanyi da fitilu a kunne, ko kofi ba ta mayar masa. Kullum bokiti ya fita kofi ya shiga, ina za a je? Ya ce tun kafin a yaye ni yake ɗumama mota, a tashar Damagaram ya koya, kuma duk direban da ya san mutuncin kansa ba ya barin mota ta wayi gari ba a ji muryarta ba. Na ce wancan zamanin tsofaffin akori-kura ne, kuma su bayan ɗumamawar Agadas suke tafiya, ba komawa barci ba. Na ce to ya riƙa fita da ita ya zaga babban titi sau ɗaya a mako. Ya ce ba dama. Tun da aka kama direban maƙwabta yana kabu-kabu da motar gida, Abu Fahad ya kafa doka, motar nan ba ta ƙetare ƙofa sai Mama na ciki. Na ce to shi ke nan, ya bar ta ta huta, mu cire baƙin kai, ranar asibiti ya mayar, noti ɗaya ne.

Ya daɗe yana ninke tsumman hannunsa. Sannan ya nuna mini wata taga a sama da haɓarsa, ya ce ɗakin Abu Fahad ke nan.

"Bakano, in ba su ji ƙarar motar nan da safe ba, me za su ce ina yi a gidan nan?"

A nan ya gaya mini sauran. Iƙamarsa ta kusa ƙarewa. Abu Fahad ya riga ya ce ya gaji da motar da ke cin batir kamar tuwo, in ta sake ƙin tashi ranar da Mama ke bukata, zai sayar da ita ya buga wa Isuhu huruj, wato takardar komawa gida ba dawowa. Ba da mugunta ya faɗa ba, lissafi ne kawai. Baba Isuhu ya haura sittin, ba gidan da zai karɓi kafalarsa. Autarsa kuma tana makarantar koyon jinya a Damagaram, saura mata shekara biyu da wani abu, kuma daga sitiyarin nan ake biya.

To ga dabarar da gwanin batir na Sulay ya fito da ita, don ku san irin kan da ke ƙarƙashin sanƙon nan. Na tsinto wani batir a cikin waɗanda aka canza, mai sauran ƙarfi, na cika shi. Duk Juma'a in sa shi a buhun shinkafa in kai Suwaidi, in cire na motar in sa wannan, in dawo da wancan warsha in jona a caji, Juma'a mai zuwa in sake juyawa. Shi ya ci gaba da ɗumamawarsa, ni ina bin sa da wuta a buhu. In na samu mai rage mini hanya, to. In ban samu ba in hau motar haya, ta sauke ni a bakin babban titi, in saɓa buhu a kafaɗa in taka. Batirin motar Amurka ba abin wasa ba ne. Na bar Kano don kada in mutu ina dakon batir, ga ni da furfura a gemu ina dakon batir a ƙasar Larabawa, ranar hutuna, kyauta. Ladana shayi ne mai sukari da yawa da zagi. Kullum sai ya ce Bakano ba ya aikin Allah, in faɗi abin da nake nema tun da wuri, in 'yarsa ce an riga an yi mata miji.

Muka yi watanni a haka, lafiya lau, har bayana ya ce bai yarda ba. Wata safiya na sunkuya zan ɗaga batir a warsha, wani abu ya riƙe ni a ƙugu, sai ɗaukata aka yi zuwa ɗaki. Juma'a ta wuce ina kwance, wata ta sake wucewa. Na kira shi na ce don Allah ya daina tayar da motar nan har in miƙe. Ya ce to. Na san wannan to ɗin. Ranar ganin likita ta zo, aka fito da Mama har cikin mota, ya murza makulli, motar ta yi ƙyat-ƙyat-ƙyat ta yi shiru. Wata jikarta ce ta kai ta a 'yar ƙaramar motarta.

Abu Fahad ya ce a kira masa mai batirin. Na je ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu, da mitata, da rigata mafi ƙarancin huji. Mutum ne mai natsuwa, ya sa aka kawo gahawa da dabino a tsakar gida, kusa da motar. Baba Isuhu yana tsaye gefe, hannu a baya. Abu Fahad ya ce tambaya ɗaya yake da ita, kuma yana son gaskiya: laifin batir ne, ko na mota, ko na direba?

In na ce batir, warsharmu ce ta sayar, mudir zai gama da ni. In na ce direba, na buga wa tsohon nan huruj da bakina. Sai na ga wata hanya a tsakiya, har ina yaba wa kaina. Na ce da Larabcina na warsha, ba laifin kowa ba ne, zama ne ke kashe motar. Mota irin wannan tana bukatar a fita da ita duk mako a yi tafiya mai nisa, saboda haka tana bukatar direba. Na faɗi direban da ƙarfi, na kalli Baba Isuhu don ya ga aikin Kanawa.

Abu Fahad ya ciro waya, ya ɗan latsa, ya juyo mini da ita. Hoton 'yar cajar bango ce. Ya tambaye ni ko wannan ba za ta riƙe batirin ba, ko da motar ba ta motsa ba. Na ce za ta riƙe. Ya tambaya ko muna da ita a warsha. Muna da ita, tana rataye a saitin kaina kullum. Ya ce to me ya sa ban taɓa kawo maganarta ba? Na kalli kofin gahawa. Ban kawo ba ne don abin da ke riƙe mota ba tare da hannun mutum ba, ba abokin Baba Isuhu ba ne, ba kuma nawa ba. Wannan ba ya faɗuwa a tsakar gidan mutane.

Ya mayar da wayar aljihu. Ya ce ni da kaina na faɗa, mota ce da ba ta zuwa ko'ina. Caja ba ta bukatar iƙama, amma ma me za a yi da cajar? Gidan nan mata huɗu ke tuƙi. Gara a sayar da motar, a sallami Isuhu da mutunci ya je ya huta cikin jikokinsa. Baba Isuhu bai ɗago ba, takalmansa yake kallo. Ni da na zo ceto, ni na miƙa wa mutumin hujjar da yake nema, a faranti.

Ashe Mama tana bakin ƙofar ciki, a kan abin nan mai ƙafa huɗu da tsofaffi ke dogarawa, an lulluɓe ta da baƙin mayafi. Ban san tun yaushe take ji ba. Ba ta yi wa ɗanta magana ba, ni ta kira, ta ce ɗana, matso. Ta tambaye ni tafiyar da motar ke bukata, na ce rabin awa ko fiye, duk mako, a buɗaɗɗen titi.

"Ka ce zama ne ke kashe ta?"

"Shi ne, Mama."

Ta juya wajen Abu Fahad. "Ka ji. Motar ubanka ta zauna, kun kira mata likita tun daga Sulay. Ni tun bara nake zaune a ɗakin can, ba wanda ya zo ya ɗora mini mita."

Ya fara cewa ai ga 'yan mata nan, duk inda take so za su kai ta. Ta ce 'yan matan suna tuƙi kamar ana bin su, ido ɗaya a waya, kuma tun kafin ta gama shiga mota suke tambayar yaushe za a dawo. Ta ce daga wannan makon, duk Alhamis bayan la'asar, Isuhu zai ɗauke ta a motar nan ya kai ta Oud, unguwar da aka haife ta, ya bi da ita ta layin gidan mahaifinta, ya wuce ta jikin katangar maƙabartar da mijinta yake kwance, a hankali, sannan su dawo. Ta sake juyowa gare ni ta tambaya ko wannan ya isa batirin. Daga Suwaidi zuwa Oud da dawowa, da cunkoson yamma, na ce ya isa har ya yi yawa.

Abu Fahad ya sumbaci kanta ya ce, "Abshiri, yumma," wato an gama, Inna. Ya sabunta iƙamar a wannan watan. Cajar ma ya saya, amma ta waya ya yi oda, ba a wajena ba.

Batirin da na sa musu a ranar ya fi duk wanda na taɓa sayarwa a garin nan daɗewa. Wato na yi dakon watanni, na karya bayana, na sha kunya a gaban Balarabe, don in rasa mai saye. Na gaya wa Baba Isuhu yanzu ai sai ya bar ɗumamawar safe, tunda kowa ya ga yana aiki. Ya ce in kula da notina. Bai fasa ba ko kwana ɗaya, sai dai yanzu cajar Abu Fahad da tafiyar Alhamis suna mayar da abin da ya ɓarnatar. Wani lokaci yakan ba ni labarin tafiyar. Ya ce in sun iso katangar maƙabarta takan ce ya rage gudu, ta sauke gilashi kaɗan, na baya suna ta hon, shi kuma ko a jikinsa.

Bara Mama ta rasu. Autar Baba Isuhu ta riga ta gama makaranta ta fara aiki, saboda haka shi da kansa ya nemi huruj ɗin, ba wanda ya kore shi. Motar ba a sayar ba, 'ya'yan suka ce ta ubansu ce, za a tura ta ƙarshen gareji a rufe. Cajar kuwa Abu Fahad ya mayar da ita kan motarsa ta sahara. Ana jibi zai tashi, Baba Isuhu ya kira ni ya ce in zo in cire kan batirin nan da na daɗe ina ƙwaɗayin cirewa.

Na je da safe da sifanata lamba goma. Na tarar ya wanke ta. Na ɗaga bonet, ya ce in dakata. Ya shiga, ya yi bismilla, ya murza, ta tashi bugu ɗaya. Ya kunna rediyon, ya ɗora hannu biyu a sitiyari. Na buɗe baki zan ce masa abin da na saba cewa, na fasa. Na tsaya riƙe da bonet har ya gaji don kansa ya kashe. Ya fito, ya rufe ƙofar a hankali, ya goge inda hannunsa ya taɓa da tsumma.

"To Bakano, kwance notinka."

Saurayin nan na ɗakin 'yan Maraɗi da ya ce aikina noti biyu ne, ya ma yi mini ƙari. A ranar, noti ɗaya na kwance, na baƙin kai. Na naɗe kan wayar da tsumman Baba Isuhu don kada ya taɓa ƙarfe, na rufe bonet, na taka zuwa bakin titi neman motar Sulay.